Bindiga Ba Ta Yin Ritaya: Martani Ga Mai Neman A Shigo Da Libarbar Yaƙin Duniya

Kwanakin baya wani malami mai sha'awar tarihin soja ya yi rubutu yana roƙon Majalisar Tarayya ta sassauta dokar makamai saboda masu tara kayan tarihi. Buƙatarsa ita ce a ƙirƙiro lasisi na musamman da zai ba mai hali damar sayo ƙananan bindigogin da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da su, irin su Luger da Walther na Jamus, da Webley ta Ingila, da Colt ta Amurka, ya shigo da su Nijeriya ya jera a gidansa. A ganinsa bindigar da ta haura shekara tamanin ta bar sahun makamai, ta koma sahun sulke da lifidi. Ya ce kakanninmu sun yi yaƙin Bama, don haka muna da rabo a wannan tarihi. Ya ce dokar da ta hana mu ta Bature ce, kuma Baturen da ya ƙaƙaba mana ita yana barin nasa mutanen su tara. Ya ƙare da cewa ai ɓarayin daji ba da Luger suke kashe mutane ba.

Ba na zargin Malam da mugun nufi, kuma rubutunsa ya nuna mutum ne mai karatu. Sai dai ni a Tudun Wada nake zaune, cikin garin Sakkwato, inda ba wuya ka ci karo da matan Sabon Birni da Isa da Rabah da bindiga ta raba da gidajensu. Daga nan na karanta shi, kuma ban gamsu ba.

Mu fara da abin da doka ta ce, tunda Malam ya yi ta sukar ta ba tare da ya shimfiɗa wa mai karatu ita ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. A ƙasa akwai bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. A tsakiya akwai bindigogin farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. A sama kuma akwai haramtattu: igwa, bam, gurneti, mashin-gan, bindigogin soja, da kowace irin libarba da fistol. Waɗannan ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ba mai shigo da su sai da shi, kuma wanda aka kama da ɗaya ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Malam ya ɗauka masu rubuta dokar mantawa suka yi da tsofaffin bindigogi. Ba su manta ba. A jerin haramtattun sun ambaci har ƙaramar bindigar zamanin da, mai tashi da ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wato doguwar bindigar tokan maharbi tana gidan ƙasa, amma ƙanwarta da ta girme ta a shekaru tana gida ɗaya da igwa. Ashe ba shekarun bindiga doka ta duba ba, girmanta ta duba. Doguwar bindiga kowa na hango ta daga nesa. Ƙarama kuwa tana shigewa aljihun babbar riga, ta bi mutum masallaci, ta bi shi kasuwa, ta bi shi gidan biki, ba wanda ya sani.

Bayan lasisin Shugaban Ƙasa akwai takardar shaidar wanda makamin zai ƙare a hannunsa, wadda ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ke bayarwa. Akwai kuma yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, wadda ta hana shigo da ƙananan makamai yankin sai da keɓancewa, kuma ƙasa ce ke neman keɓancewar, ba mutum ɗaya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan fataucin bindigogi ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace abin da take kira bindigar tarihi, amma ta gindaya iyaka: duk wadda aka ƙera bayan 1899 ba ta shiga. Sojan Jamus ya karɓi Luger a 1908. Colt ɗin da Malam ke yabo ta 1911 ce, Webley mai lamba shida ta 1915, Walther P38 kuwa a sunanta ma shekarar take. Ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Wannan iyaka ba don ƙeta aka sa ta ba. Tsohon keken ɗinkin Singer da kakarmu ta bari, in ka ɗiga masa mai ka zura masa zare, ɗinki zai yi maka yau kamar yadda ya yi mata. Haka ƙarfen nan yake. Tambayar da ke raba kayan tarihi da makami ita ce: ana samun harsashinsa ko ba a samu? Harsashin da Luger ta yaƙi da P38 ke ci, mai milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarnin da ya wuce, shi ne dai harsashin ƙaramar bindiga mafi yawa a duniya yau, shi ke cikin fistol ɗin da ke ƙugun jami'an tsaro. Colt 1911 ita ce ƙaramar bindigar sojan Amurka har 1985, kuma har gobe masana'antu na ƙera ta. Browning ɗin da ta fito a 1935, wadda ɓangarorin biyu suka yi yaƙin Hitila da ita, sojan Ingila bai fara sauya ta ba sai 2013. Tokarev ta Rasha da kwafinta na Sin suna yawo a Afirka har yanzu. To yaushe suka yi ritayar da Malam ke faɗa?

A Disamban 2018 wani mutum ya buɗe wuta a kasuwar Kirsimeti ta Strasbourg a Faransa, mutum biyar suka mutu. Bindigar hannunsa libarbar sojan Faransa ce ƙirar 1892, wadda ta girmi duk waɗanda Malam ya lissafa. Shugaba Kennedy na Amurka ma, a Nuwamban 1963, da ragowar yaƙin duniya na biyu aka kashe shi, doguwar bindigar sojan Italiya da aka ƙera a 1940, wadda makashin ya saya ta gidan waya da 'yan daloli. Wannan kisa na cikin abin da ya sa Amurka, duk da son bindigarta, ta toshe shigo da ragowar makaman soja a dokarta ta 1968. Daga baya ne aka sake buɗe wa masu tara na tarihi wata kafa.

Ingilar da Malam ya kafa hujja da ita ta fi kowa ba shi amsa. Bayan kisan yara goma sha shida da malamarsu a makarantar Dunblane a Maris 1996, an hana farar hula mallakar ƙananan bindigogi a 1997. An bar wa masu tarihi kafa, gaskiya ne, amma a duba ƙanƙantarta. Wadda aka ƙera kafin 1919 kuma harsashinta ba ya samuwa cikin sauƙi, ana iya ajiye ta a gida da lasisi, ba tare da harsashi ba. Wadda harsashinta ke kasuwa, irin Luger mai milimita 9, ba ta kwana a gidan mai ita. Tana zaune a wani wuri da hukuma ta amince da shi, kamar filin harbi na Bisley, mai ita ya je ya gan ta can ya dawo hannu rabbana. Sai kuma waɗanda aka ɗauka sun tsufa ƙwarai, aka ce harsashinsu ya ɓace daga duniya, aka bar su ana saye da sayarwa ba lasisi. Ta nan ɓarna ta shigo. Wani dillalin bindiga mai rajista a Gloucestershire, Paul Edmunds, ya yi shekaru yana sayo tsofaffin libarba daga Amurka, yana haɗa musu harsashi a garejin gidansa, suna gangarawa hannun gungun 'yan daba. 'Yan sanda sun gano harsashinsa a wuraren aikata laifi fiye da ɗari, har da kisan kai. Kotun Birmingham ta ɗaure shi shekara 30 a 2017. A 2021 gwamnatin Ingila ta sake ɗaure dokar, ta cire nau'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda ake cewa sun mutu, ta kuma ce duk bindigar da aka ƙera daga 1 ga Satumba 1939 zuwa sama ba ta tarihi ba ce. Ƙasar da ke da rajista a kwamfuta da ɗakunan binciken harsashi ke nan, kuma sai da mutum ɗaya ya yi mata wannan ta'asa kafin ta farga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Na san abin da Malam zai ce: to a shigo da waɗanda aka kashe, aka toshe musu baki. Turai ta gwada. Daga cikin makaman da Amedy Coulibaly ya kai hari da su a Paris a Janairun 2015 akwai waɗanda aka sayar a Sulobakiya a matsayin matattu, masu ƙara kawai, wasu suka farfaɗo da su. Sai da Tarayyar Turai ta fito da ƙa'ida ɗaya ta kashe bindiga a ƙarshen shekarar. Mu kuwa ƙasa ce da maƙeranta ke ƙera bindiga tun daga bututun ruwa. Wanda ya iya haɗa harba-ruga daga babu, gyaran ƙarfen Jamus da aka ɗan yi wa walda ba zai hana shi barci ba. Wa zai duba ingancin toshewar a tashar Apapa? Wa zai sake dubawa bayan shekara biyar?

Nan ne rubutun Malam ya fi rauni, domin ya yi maganar lasisi da rajista da duba-gari kamar muna da su a jere. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 akwai makamai da harsasai 178,459 da rundunar 'yan sanda ba ta iya nuna inda suke ba, daga ciki AK-47 guda 88,078. Wannan a ma'ajiyar hukuma ke nan, mai ƙofa da kwaɗo da littafin sa hannu da mai gadi. Hukumar da wannan adadi ya kuɓuce mata ita za a ɗora wa aikin bin gidajen attajirai tana ƙirga libarba? A tashoshin ruwa kuma, a 2017 kaɗai kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas a kamu huɗu, an ɓoye su cikin kayan da aka rubuta wani suna daban a takarda. A tsakiyar 2024 an kama 844 da harsashi 112,500 a Onne. Waɗannan su ne aka gani. Yau ma'aikacin kwastan da ya buɗe akwati ya ga fistol ba ya buƙatar dogon tunani, ya san haramtacciya ce. Ranar da aka ƙirƙiro rukunin kayan tarihi, an ba ɗan fasa-ƙwauri sabuwar takardar da zai ɓuya a bayanta, an kuma ɗora wa ma'aikacin nan aikin bambance Tokarev ta 1943 da kwafinta na bara. Masana a Turai ma sai sun sa tabarau sun duba hatimi kafin su yi wannan hukunci, kuma ana damfararsu.

Na yarda da Malam a abu ɗaya: ba da Luger aka kashe mutane a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba, ba da Webley aka tare motar da aka ƙona da matafiya a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar ba. Makamin daji AK-47 ne da abin da ya fi shi, kuma hanyoyinsa sanannu ne: Libiya bayan 2011, iyakokin da ba su da ƙofa, da abin da ke zurarewa daga ma'ajiyar hukuma. Amma wannan ba ya wanke ƙaramar bindiga, yana nuna ne cewa filinta daban. Ita ta cikin gari ce. Ita ce ta mai ƙwacen waya da babur, ta ɗan bangar siyasa, ta mai ɗaukar yaro a ƙofar makaranta, ta wanda zuciya ta ɗebe shi a rikicin fili. Matasan da ke tare mutane da wuƙa da gora a lungunanmu, abin da ya rage mana sauƙi shi ne har yanzu wuƙa ce da gora a hannun yawancinsu. Don daji ya cika da bindiga ba dalili ne na a ƙara wa gari ba.

Sannan a dubi irin gidajen da muke ciki. Mai tara bindiga a Ingila galibi shi da matarsa ne a gida, da akwatin ƙarfe a manne da bango, ɗan sanda ya zo ya duba. Gidan mai hali a Tudun Wada ko Mabera ko Arkilla gari ne guda: mata, 'ya'ya, 'ya'yan 'yan'uwa da aka kawo karatu, direba, mai gadi, almajirin da ke aike, baƙin ƙauye da ke kwana a zaure. Kuma mai sha'awa ba ya iya ɓoye abin sha'awarsa, ai don a gani ya saya. Kafin wata ya zagayo duk majalisar unguwa ta san Alhaji na da bindigar Hitila a ɗaki. Daga ranar gidan ya zama abin nema. In Allah ya kiyaye wannan, akwai ranar da ba ta da makawa. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga gado, amma ƙarfen yana nan cikin kayan mamaci. Malamin da aka kira rabon gado ya san yadda zai yi da gida da gona da mota. Yaya zai yi da libarba shida a tsakanin magada ashirin, waɗanda ba wanda ya damu da Jamus ko Bama a cikinsu, wani kuma bashi ya yi masa katutu? Mai tarawa yana tunanin shekarunsa ne kawai, ƙarfen kuwa zai ga jikokinsa. Mu da aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu kada ya ji wa wani, bai kamata sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Yanzu ga batun da ya fi ci mini rai, wato jingina wannan sha'awa da 'yan mazan jiya. Gaskiya ne 'yan Nijeriya fiye da dubu ɗari sun sa kaki a yaƙin duniya na biyu, kuma 'yan Arewa ne ƙashin bayan sojan ƙasa. Birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka kori Italiyawa har Harar. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyin Nijeriya uku sun shiga bayan layin Japanawa tare da 'yan Chindit a 1944, abin da ya sa barikin Zariya ke ɗauke da sunan. Duk wannan namu ne. Amma me ke hannun waɗannan bayin Allah? Doguwar bindiga mai harsashi .303, da Bren, da adda. Dubbai daga cikinsu ma dako suka yi, suna ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa a ka, a tsaunukan da mota ba ta hawa. Libarba, in ka cire 'yan ƙalilan masu aiki na musamman, ta hafsa ce, hafsa kuwa Bature ne. Sai bayan yaƙi, a ƙarshen shekarun 1940, aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa. Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, wanda barikin Lokoja ke amsa sunansa, duk jarumtarsa a samanja ya tsaya, sai da zai yi ritaya aka ba shi kyaftin na girmamawa. Wanda ya rataye Webley a falonsa da sunan tunawa da kakansa, kayan maigidan kakansa ya rataye.

A Sakkwato kuwa mun san wannan libarba tun kafin Bama. Tana ƙugun hafsoshin da suka zo Giginya ranar 15 ga Maris 1903 da sojan da bai kai dubu ba, da bindiga mai ruwa da igwa, suka fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da dawakinsu da masu da kibau. Tana Burmi a Yulin shekarar, inda Attahiru ya yi shahada. Tana Satiru a Maris 1906, lokacin da aka zo ramuwar Turawa uku da sojoji fiye da ashirin da talakawa masu gatari da fartanya suka kashe a Fabrairu, aka hallaka kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Ban ce kada a nuna ta ba. A nuna ta, a bayan gilashi, da rubutu a ƙasanta mai faɗin abin da ta yi. Luger da P38 na shekarun yaƙin Hitila kuma hatimin mikiya da tambarin Nazi ke jikinsu, kuma shi ne abin da ke ɗaga musu daraja a gwanjon Turai da Amurka, inda ake zuba dubban daloli a kan wadda lambobinta suka dace da juna. Sojan da ya riƙe su shi ne ya ware baƙaƙen sojojin Faransa, 'yan Afirka ta Yamma, ya karkashe su a Chasselay a Yunin 1940 bayan sun miƙa wuya. Mutum na da 'yancin sha'awar ƙirar ƙarfe, Jamusawa sun iya ƙira, ba musu. Amma kada a ce mana don kakanninmu ake yi.

Zancen cewa dokar ta Bature ce yana da ƙamshin gaskiya. Tun taron Brussels na 1890 Turawa suka haɗa kai suka hana shigo wa Afirka bindigogin zamani, suka bar mana na toka, kuma sakamakon haka aka gani a Giginya. Dokar 1959 ma kafin 'yancin kai aka yi ta. Sai dai Malam ya tsallake abin da ya biyo baya. Ba Bature ne ya tsananta hukunci ba, mu ne, kuma saboda ragowar makaman yaƙi. Da aka gama yaƙin basasa a Janairun 1970, bindigogin da suka zube a hannun mutane suka haifar da fashi da makami irin wanda ƙasar ba ta taɓa gani ba. A shekarar gwamnatin Gowon ta kafa dokar fashi da makami mai hukuncin kisa, a 1971 aka fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a a Bar Beach, har da Ishola Oyenusi. Gwamnatin Buhari ta sabunta ta a 1984. Mun riga mun ɗanɗani abin da bindigar da yaƙi ya bari ke yi in ta shiga gari. Akwai tsofaffi a unguwar nan da ke iya ba Malam labarin yadda ake kwana ƙofa a buɗe kafin lokacin.

Kuma in dokar na da zalunci, ba mai tara Luger ne ta zalunta ba. Manomin Tangaza ko Gudu da Lakurawa ke karɓar zakka a hannunsa da ƙarfi, shi ke da ƙorafin da ya cancanci a zauna a kai. Lokacin da Gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ko mutum na tare da Matawalle ko yana tare da Irabor, wannan muhawara ce ta rai da mutuwa. A ce ana tsakiyarta sai majalisa ta keɓe zama don attajiri ya samu abin ado, wace fuska za a kalli mutanen Isa da ita?

In tarihi ake so, aiki na nan jibge. Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari da takardun Daular Usmaniyya da kayan yaƙin da. Akwai Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da gidan tarihin yaƙi na Umuahia inda aka ajiye motocin sulke da makaman da Biyafara ta ƙera da hannunta. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kowa na iya zuwa ya ga ramukan harsashi. Ko ƙaramar bindigar da ake dangantawa da kisan Sarajevo na 1914, wanda ya kunna yaƙin duniya na ɗaya, ba a falon wani take ba, tana gidan tarihin soja na Vienna. Tutar Attahiru da aka ƙwace a Burmi, da aka tashi mayarwa a 1960, hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku aka danƙa ta a madadin jama'a. Doka ba ta hana gidan tarihi na hukuma ya nemi izini ya ajiye Webley ba. In Malam da abokansa na da dalolin sayen Luger, kaɗan daga ciki zai sayi akwatunan gilashi da na'urar ɗaukar hoton takardu, ya biya matasa masu digirin tarihi daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo su bi gidajen 'yan mazan jiya. Mutanen sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan, kuma a ƙasan adakar gidaje da yawa akwai lambobin girma, da littafin sallama mai lambar soja da sunan bataliya, da hoton saurayi da hular kaki, da labarin da tsoho ya riƙa bayarwa bayan isha'i. Gara da ruwan sama na cin waɗannan kullum, kuma ba su buƙatar lasisin kowa.

Akwai gyara ɗaya da zan sa hannu tare da Malam a kai majalisa, kuma ba na shigowa ba ne. Ba mamaki a wasu tsofaffin gidaje, na sarauta ko na tsofaffin sojoji da 'yan doka, akwai libarbar da aka gada, a naɗe cikin tsumma, magada na tsoron fito da ita domin wanda ya kai ta ofishin 'yan sanda yana iya kwana a can. Tarayyar Afirka ta ware watan Satumba na kowace shekara tun 2017 don miƙa makamai ba tare da tuhuma ba, amma mutum nawa a Tudun Wada suka taɓa jin haka? Tunda dokar 2024 ta ba Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa gindin zama, a rubuta a fili cewa wanda ya gaji tsohuwar bindiga yana iya miƙa ta ta hannun hakiminsa, a ba shi takardar shaida, ba kamu ba tuhuma. A kuma wajabta cewa kafin a jefa kowace tsohuwar bindiga a wuta, jami'in Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ya duba ta. Wadda ke da labari a kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a kai ta gidan tarihi mafi kusa, a rubuta sunan gidan da ta fito da sunan wanda ya riƙe ta da yaƙin da ya je. Sauran a narke su.